Sihirin da Ɗan Wasa Ya Ƙirƙiro: A Sake Masa Riga, A Auna Shi, Ko A Sa Masa Farashi?

Duk jagoran da ya ɗan jima yana tafiyar da wasan Dungeons & Dragons a ƙauyukanmu na Jigawa, wato wasan labari da dayis inda jagora ke ba da labari kowane ɗan wasa yana riƙe da jaruminsa, ranar tana nan tafe da wani ɗan wasa zai miƙo masa yagin takarda ya ce ga sihirin da ya ƙirƙiro wa jaruminsa. Dole hakan ta faru. A Amurka aka rubuta littattafan wasan, tun fitowarsa ta farko a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson har zuwa bugu na biyar na 2014, shi ya sa suke cike da dusar ƙanƙara da dazuzzukan da yaranmu ba su taɓa gani ba. Shi kuwa yaro ya san guguwar bazara, ya san fara, ya san yadda jan-baki ke sauka a gonar shinkafa a fadamar Haɗeja. Yana son ya ga nasa a cikin labarin, kuma yana da gaskiya. Abin da ya rage wa jagora shi ne yadda zai ce to ba tare da wasan ya karye ba.

Hanya uku na sani. Ko a ɗauki sihirin da ke cikin littafi a sake masa suna da kama, ko a gina sabo da ma'aunin da littafin jagora ya bayar, ko kuma a bar shi da ƙarfinsa a ɗora masa farashi. Lambobin da zan kawo duk na bugun 2014 ne. Gyaran 2024 ya taɓa wasu, don haka kowa ya duba wanda ke cikin wayarsa. Yawancin sihirin da zan ambata suna cikin ginshiƙan dokokin da kamfanin Wizards of the Coast ya saki kyauta, ba sai an sayi littafi ba.

A zauren da muke wasa, a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, ƙanin wani abokina ne ya kawo nasa. Masihircinsa yana hawa na 3, wato ya fara samun gurbin sihiri na mataki na 2 (hawa ƙwarewar jarumi ce, mataki ƙarfin sihiri, gurbi kuwa damar jefa sihiri sau ɗaya kafin a huta). Ya sa wa sihirin suna Holoƙo, kuma ga abin da ya rubuta: mataki na 2, ana jefa shi daga nisan ƙafa 120, ƙura ta turnuƙe da'ira mai ƙafa 30 daga tsakiya zuwa baki, duk abokin gaban da ke ciki ya sha rauni 6d6, wato dayis shida masu fuska shida, wanda ya ci jifar tsira, wato jifar dayis ta kare kai daga sihiri, ya sha rabi, wanda ya faɗi ya makance na minti ɗaya. Babu riƙon hankali, wato ba sai mai sihirin ya ci gaba da mai da hankali a kansa ba, kuma ƙurar ba ta taɓa abokan tafiya. Sunan ya yi, hoton ya yi, kana karantawa kana ganin jan hadarin ya taso daga gabas. Lambobin ne suka fi ƙarfin matakin nesa ba kusa ba.

A ɗora shi kan 'yan fashi takwas na littafi, kowanne da makin rai 11, wato yawan raunin da zai sha kafin ya faɗi. Masihirci ɗan hawa na 3 yawanci lambar da ake nema a dayis mai fuska ashirin don a tsira daga sihirinsa 13 ce, ɗan fashi kuwa ƙarin 1 yake da shi a ƙarfin jiki, don haka kashi 55 cikin ɗari zai faɗi. Matsakaicin 6d6 shi ne 21. Waɗanda suka faɗi sun mutu, waɗanda suka tsira sun sha 10, saura maki ɗaya tsakaninsu da ƙasa. Mayaƙin da ke gefensa, mai takobin hannu biyu, sara ɗaya yake yi a kowane zagayen faɗa, matsakaicinsa 10, yana samu sau bakwai cikin goma. Kafin ya gama da maki 88 na waɗannan takwas ɗin sai ya yi zagaye goma sha biyu ko fiye. Wannan shi ne ainihin ciwon, ba wai 'yan fashin sun mutu da wuri ba: mutum huɗu sun bar aikinsu sun zo sun zauna a tabarma, ɗaya ya jefa dayis sau ɗaya, sauran ukun sun koma 'yan kallo.

Hanya ta farko ita ce mafi sauƙi, kuma ita nake fara miƙa wa kowa. Akwai sihirin Sleet Storm, na ruwan ƙanƙara, mataki na 3: yana rufe da'ira mai ƙafa 40, ba a gani a cikinta, yana kashe wutar da ke a fili, ƙasa ta yi santsi tafiya ta yi wuya, wanda ya faɗi jifar tsira ya kife, kuma yana iya tsinka hankalin wani masihircin da ke riƙe da nasa sihirin. Ba ya yin rauni ko kaɗan, kuma mai shi sai ya riƙe hankali har minti ɗaya. A cire ƙanƙara a sa rairayi, a ce iska ce ke kayar da mutum ba santsi ba, shi ke nan an samu Holoƙo ba tare da an taɓa lamba ko ɗaya ba. Ga wanda bai kai hawa na 5 ba balle ya samu mataki na 3, akwai Fog Cloud na mataki na 1, hazo mai ƙafa 20 da ke iya kai awa guda, sai a mai da shi ƙura. Akwai kuma Gust of Wind na mataki na 2, mai tura mutum baya ƙafa 15.

Alherinta a fili yake. Dubban tebura sun riga sun gwada lambobin, ba gardama, ba lissafi, kuma in cajin waya ya ƙare ana tsakiyar wasa, wani a wurin zai iya tuna dokar. Wuri ɗaya kawai ake zamewa, wato wajen sauya nau'in rauni. Halittu da yawa a littafin ba sa jin wuta ko guba, ko kuma rabi suke ji, amma ƙalilan ne ke jure bugu na sihiri ko tsantsar ƙarfi. In ka ɗauki Fireball, sihirin dunƙulen wuta, ka ce yanzu tsakuwa ce ke dukan mutane ba wuta ba, ka ƙara masa ƙarfi ko da ba ka ƙara dayis ba. Rauninta kuma shi ne ba ta cika biyan buƙatar mai ƙirƙira. Yaron nan ba hazo kawai yake so ba, yana son ƙurar ta yi zafi a jiki, kuma yana son ya ce ni na yi wannan. In aka ce masa ai ga irinsa a shafi kaza, zai ce to, amma ba zai sake kawo takarda ba, ni kuwa ba na son a kashe wa yaro wannan zuciyar.

Hanya ta biyu ta fi cin lokaci, amma a nan aikin yake da daɗi. Littafin jagora, wato Dungeon Master's Guide na 2014, ya kawo jadawalin raunin da ya dace da kowane mataki. Ga sihirin da ke samun mutane da yawa: mataki na 1 shi ne 2d6, na 2 4d6, na 3 6d6, na 4 7d6, na 5 8d6. Ga mai samun mutum ɗaya: 2d10, 3d10, 5d10, 6d10, 8d10. Jadawalin yana ɗauka cewa wanda ya tsira zai sha rabi. In kuwa tsira na nufin ba ya shan komai, an yarda a ƙara kashi 25 cikin ɗari. Da wannan kaɗai an ga cewa 6d6 ɗin Holoƙo raunin mataki na 3 ne cur, tun ba a zo maganar makanta ba.

Sai dai jadawalin rauni kawai yake aunawa. Bai faɗi kuɗin makanta ba, bai faɗi na faɗin wuri ba, bai faɗi na ware abokai ba. Waɗannan sai an nemo maƙwabcin sihirin a littafi an jera su. Ni yadda nake kallonsa, kowane mataki mudu ne guda: in ka cika shi da gero, ba wurin dawa, in kana son dawa sai ka rage gero.

Ɗauki faɗin wuri. Shatter, wanda shi ne sihirin rauni na mataki na 2 da aka fi sani, 3d8 yake yi, matsakaici 13 da rabi, a da'ira mai ƙafa 10, daga nisan ƙafa 60. Da'ira mai ƙafa 30 ba ninki uku ba ce ta mai ƙafa 10, ninki tara ce, domin fili yana ƙaruwa ta tsawo da ta faɗi. A taswirar da muke zanawa a bayan kwali, kowane gida ƙafa 5, da'irar Holoƙo gida goma sha biyu take ci daga wannan baki zuwa wancan. Sau da yawa kwalin ma bai kai haka ba, wato duk marfin kwalbar da aka ajiye a matsayin abokin gaba yana ciki.

Ɗauki makanta, wadda ita ce mafi tsada kuma ita aka fi rainawa. Makaho a wasan nan in zai kai sara, dayis mai fuska ashirin yake jefawa sau biyu ya ɗauki ƙarami, mai saransa kuma ya jefa sau biyu ya ɗauki babba. Saran da a da yake samu rabi da rabi, ya koma kashi 25 a hannun makahon, kashi 75 a hannun mai dukansa. Sihirin Blindness/Deafness yana cinye gurbin mataki na 2 sukutum don ya makantar da mutum ɗaya tak, ba rauni, kuma mutumin yana sake jifar tsira a ƙarshen kowane zagayensa. Holoƙo yana son ya yi wa takwas haka, ba sake jifa, har zagaye goma, tunda minti ɗaya zagaye goma ne na daƙiƙa shida-shida.

A nan akwai wani bambanci da ke warware matsalar gaba ɗaya in an gane shi. Makantar da abokin gaba daban, rufe wuri da ƙura daban. In ƙura ta rufe wuri, ni ba na ganinka, kai ma ba ka ganina. Rashin ganinka ya rage mini, rashin ganina da kake yi ya ƙara mini, doka ta ce su biyun sun kashe juna, sara ya koma yadda yake. Amma ƙurar ba ta tashi a banza ba: duk sihirin da sai an ga mutum ake jefa masa ya tsaya, kuma wanda ya juya zai gudu ba a samun damar saransa ta baya, tunda wannan ma sai da gani. Wato ƙura kayan tserewa ce da raba faɗa, ba kayan yanka ba. Shi ya sa Fog Cloud yake mataki na 1. Mai son hoton mutane suna murza ido suna lalube, ya same shi a nan da araha.

Sai ware abokai. Yawancin sihirin fili a littafi ba su san nawa da naka ba, kuma da gangan ne, domin shi ke sa masihirci ya yi tunani kafin ya jefa, ya ce wa mayaƙi ja da baya. Masihircin da ya zaɓi fannin sihirin rauni yana samun wata baiwa ta musamman da ke ba shi damar kare wasu abokansa daga cikin wutarsa. In Holoƙo ya zo da wannan kyauta, an ƙwace wa wancan ɗan wasan abin da ya zaɓi jaruminsa dominsa. Spirit Guardians yana ware abokai, gaskiya ne, amma mataki na 3 ne, ƙafa 15 ne kewaye da mai shi, dole ya shiga tsakiyar faɗa da jikinsa, kuma da riƙon hankali.

Wanda ya bi wannan hanya ya shirya wa gardama ɗaya, don tana zuwa. Za a ce masa ai Fireball mataki na 3 ne amma 8d6 yake yi, matsakaici 28, alhali jadawali ya ce 6d6, wato 21. Burning Hands ma 3d6 ne a mataki na 1. Haka ne, sun haura jadawalin. Amma Fireball abu ɗaya yake yi ya wuce, yana ƙona aboki kamar yadda yake ƙona maƙiyi, kuma wuta ce, wadda dodanni da yawa ba sa ji. Shi ne rufin ɗakin, ba a fara gini daga kansa. Sabon sihirin da ya yi daidai da shi a rauni sannan ya ƙara wani abu, ya riga ya sa ba wanda zai sake ɗaukar Fireball, kuma wannan ita ce alamar da ta fi kowace nuna cewa an zarce.

Hanya ta uku ita 'yan wasa suka fi so, ita kuma na fi tsoro. Sai ka ji an ce, “Yaya, a bar shi yadda yake, amma a ce sai da gashin jimina ake yin sa,” ko sai an ƙona zinariya ɗari, ko sai a fili da rana, ko mai shi ya rasa makin rai. Farashi iri biyu ne. Akwai wanda ake biya a cikin faɗan: riƙon hankali, wanda ke hana masihirci riƙe wani sihirin a lokaci guda, kuma duk dukan da ya sha sai ya yi jifar tsira ta 10 ko rabin raunin, wanda ya fi yawa; sai sake jifa ga wanda aka makantar; sai taɓa abokai; sai gajeren nisa da ke tilasta masa matsowa. Waɗannan suna rage ƙarfin sihirin da gaske. Akwai kuma wanda ake biya a wajen faɗan, shi kuwa bai rage komai ba, ya dai rage yawan ranakun da za a ga ɓarnar. Ranar da aka samu gashin jiminar, babban dodon da jagora ya kwashe mako yana shiryawa ya makance a zagayen farko. Kuma duk nauyin ya dawo kan jagora: in ya sa gashin a kasuwar labarin, wasa ya karye, in ya hana, a ce yana da son kai. Littafin kansa yana sa kuɗi a kan irin su Revivify, mai cin lu'ulu'un zinariya 300, amma wannan don kada tada mamaci ya zama ruwan dare ne, ba don auna faɗa ba. Rasa makin rai kuwa, mai warkarwa ne ke biya da nasa gurbin, ba masihircin ba.

Farashi na gaskiya mafi tsabta shi ne ɗaga mataki. Sihirin littafi da ya fi kama da Holoƙo na asali shi ne Sunburst: 12d6, da'ira mai ƙafa 60, makanta ta minti ɗaya, ba riƙon hankali. Mataki na 8 ne, sai jarumi ya kai hawa na 15, kuma duk da haka ana sake jifa kowane zagaye, kuma yana taɓa abokai. Holoƙo rabinsa ne a rauni da nisan baki, don haka a ganina ko an sa masa sake jifa an bar shi ya taɓa kowa, bai sauko ƙasa da mataki na 5 ba, wanda ake samu a hawa na 9. A nan ne halin da muke ciki ya shigo. Mu da rani muke wasa. Da ruwa ya sauka kowa ya nufi gona, da kaka ana girbi, wasu su tafi ci-rani Kano ko Legas. Labarin da ya kai hawa na 9 a irin wannan zama ba shi da yawa. Ce wa yaro sihirinka mataki na 5 ne kusan daidai yake da ce masa ba za ka taɓa jefa shi ba.

Akwai wani dalilin kuma da ya sa ya kamata jagoran ƙauye ya fi na littafi tsauri. Littafin jagora yana lissafin cewa jarumai za su yi faɗa shida zuwa takwas kafin su yi dogon hutu, don haka gurbi biyu na mataki na 2 abin tattali ne. Mu kuwa tsakanin la'asar da magariba faɗa ɗaya ake yi, in an yi sauri biyu, sannan a ce jarumai sun kwana. Masihirci yana shiga kowane faɗa da gurabensa cike. Sihirin da ya ɗan zarce a teburin da ke bin lissafin littafi, a namu kullum zai fito, sau biyu ma. Haka nan lokaci: makafi takwas masu sake jifa kowane zagaye jifa takwas ne ƙari, ga dayis mai fuska ashirin ɗaya tak ana miƙa shi hannu zuwa hannu, ko 'yan takardu ashirin a cikin hula. Sihirin da ba ya buƙatar a riƙa tuna wa ya warke wa bai warke ba ya fi mana.

Abin da ya kawo ƙarshen gardamar a zaurenmu tambaya ɗaya ce. Na ce masa, “Ƙanina, makin ran masihircinka nawa ne?” Ya duba takarda ya ce 20. Na ce to gobe bokan sarkin 'yan fashi zai jefa muku Holoƙo yadda ka rubuta shi, matsakaici 21. Ya yi shiru yana juya ƙwayar ludo a hannu, sannan ya ce, “Haba Yaya, ai wannan zalunci ne.” Shi da kansa ya karɓi fensir. Duk sihirin da aka amince da shi, a gaya wa kowa tun farko cewa abokan gaba ma suna iya koyonsa.

In jagora sabo ne, ko 'yan wasan ba su gama riƙe dokoki ba, ya tsaya a hanya ta farko, ba abin kunya a ciki. In akwai wanda ya ƙirƙiro abu da zuciya ɗaya kuma jagora zai iya zama da shi rabin awa da jadawali da sihiri biyu ko uku na kusa, hanya ta biyu ce ta fi, kuma ita nake zaɓa. Daga ta uku a ɗebi riƙon hankali da taɓa abokai kawai a zuba a cikin ta biyu. Ta fuskar suna kuma, a tsaya a kan iska da ƙura da tsuntsaye da abin da aka ƙaga. Kada a sa aya ko addu'a ko sunan wani abin da mutane ke tsoro da gaske a cikin wasan lissafi da tatsuniya, kuma kada kuɗi ya hau tabarmar.

Ga yadda Holoƙo ya tsaya. Mataki na 2, nisan ƙafa 60, da'ira mai ƙafa 15. Lokacin da ya taso, duk wanda ke ciki, aboki ko maƙiyi, ya yi jifar tsira ta ƙarfin jiki ko ya sha 2d6, rabi in ya tsira, kuma sau ɗaya ne raunin. Bayan nan wurin ya rufe da ƙura har minti ɗaya, da riƙon hankali, kuma iska mai ƙarfi tana watsa ta. Wato hazon mataki na 1 ne da raunin mataki na 1 aka haɗa a gurbin mataki na 2, aka ɗan rage faɗi. Da gangan muka rubuta shi da dayis mai fuska shida, don ƙwayar ludo ba ta wuya a kowane gida. A kan 'yan fashin nan, zai kama kamar huɗu, matsakaici 7, ba ya kashe mai maki 11 sai in jifar ta ba da 11 ko 12, wato sau ɗaya cikin goma sha biyu. Wanda ya sha 7 saura masa 4, takobin mayaƙi kuwa mafi ƙarancin saransa 5 ne, don haka duk wanda ya samu ya faɗi. In aka jefa shi da gurbi mafi girma, a ƙara 1d6 a kowane mataki, faɗin ya tsaya yadda yake. A rubuta shi da fensir, a yarda cewa bayan zama uku za a sake dubawa, a ga ko mai shi ya daina taɓa Shatter da Web, sihirin saƙar gizo-gizo mai ɗaure mutane, gaba ɗaya. In ya daina, a rage nisan zuwa ƙafa 30 kafin a taɓa dayis.